Waƙar Tallan Jambaki a Ɗakin Maijego

Ni ba mai zama ba ce. Tun ina yarinya ba a san ni da naɗe ƙafa da rana tsaka ba, kuma da na tsufa ma ban koya ba. Shi ya sa watannin da na yi a Doha, wajen jegon 'yata ta fari, har yau in na tuna su sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi.

A ƙa'ida ita ya kamata ta zo gida ta haihu, tunda haihuwar fari ce. Amma tana tsakiyar karatu, irin wanda in an gama ake ce wa mutum dakta, ga mijinta yana aiki a Lusail, can gefen gari, ba ya samun hutu, sai aka ce ni in je. Na haɗa kaya yadda uwata ta haɗa mini a nawa lokacin: kanwa, yajin jego, citta, kanumfari, kimba, busasshen ganyen darbejiya cike da ƙaramin buhu, da zannuwan goyo. Na sauka tana da kwana uku da haihuwa. Namiji ne. Surukina ya zo taryata tare da maƙwabciyarsu, wata 'yar Zangon Kumasi mai kitso a shagon mata, don ya san ni da shi ba za mu iya zama mu biyu a mota ba. A hanyarmu ta zuwa Ain Khaled, unguwarsu, ita ce ta juyo ta gaya mini cewa aiki aka yi aka ciro yaron, kuma likita ta ce babu wankan ruwan zafi, babu kunun kanwa.

Na ce, "Ita likitar ta taɓa haihuwa?"

Ta yi dariya ta ce, "Mma, ban duba cikinta ba."

Surukina ya ƙura wa titi ido kamar ba ya jin Hausa.

Gidan a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo. Ba tsakar gida, ba inda za ki fita ki ga sama sai ta taga, tagar kuma ba a buɗe ta saboda zafi. Iyakwandishan yana gurnani daga asuba zuwa asuba. Lokacin tsananin zafi ne, famfon da suka ce na sanyi ne in kin buɗe shi da azahar sai ya ƙona miki hannu, don tankin yana kan rufi rana tana dafa shi tun safe. Na ruwan zafi kuwa sun kashe hitarsa, shi ne yake ba da mai ɗan dama-dama. Na tsaya a banɗaki ina kallon tururi yana tashi daga bokiti. Ƙasar da ruwan jego yake zuwa da kansa, ba itace ba tukunya, a nan ne aka ce kada in yi wa maijego wanka.

To me ya rage mini? Wanki na inji ne. Tsumman jariri ba a wanke shi, yarwa ake yi. Abinci kafin hantsi na gama. Wankan yaron kaɗai aka bar mini, shi kuma ba ya cin rabin sa'a. Daga ƙofar kicin zuwa ƙarshen falo taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga ba sau ɗaya ba. Na share tayil ɗin da ba shi da ƙura, na sake ɗauraye kwanukan da na ɗauraye, na warware kayan jariri na sake ninkewa. In na gaji sai in goya yaron in ci gaba da zirga-zirga, ina ce masa, "Maigida, ka kawo ni gidan da ba murhu, ka ba ni kunya."

Ita kuwa maijego tana kan doguwar kujera gaban talabijin, tun daga karin kumallo.

Kafin aurenta ta yi shekara uku tana karatu a Japan. Abin da take kallo daga can ne. Wani marar aikin yi ne ya bi ya tattara tallace-tallacen kayan kwalliyarsu na talabijin, tsofaffi da sababbi, ya jera su a intanet, ɗaya na ƙarewa ɗaya na farawa. Wasu har launinsu ya koɗe, da gani an yi su tun kafin a haife ta. Kowanne da waƙarsa. Mace za ta fito fara sol, ta waiwayo a hankali, iska ta ɗaga gashinta, furanni su zubo. Ko a bakin teku, ta fito daga ruwa hodarta ba ta goge ba. Wata siririyar murya tana hawa, tana hawa, daidai inda kike jira ta sauko sai a datse ta, a nuna kwalba ko jambaki, wani ya faɗi sunan abin. Shi ke nan. Kafin ki gama ɗaura ɗankwali an yi biyu.

Ni na san talla. Na yi shi ina budurwa, kuma shekara da shekaru ina sayar da kayan koli a cikin gida, kwalli, lalle, hoda, gazal, jambaki, man shafawa. Na san irin kiran da yake fito da mace daga ƙuryar ɗaki ba ta yi niyya ba. Saboda haka ko da ban ji kalma ɗaya ba, na gane waɗanda suka yi abin nan sun san aikinsu. Amma ban ga dalilin da zai sa mace mai ɗanyen jego ta wuni a gabansa ba.

Na ce, "Su waɗannan ba su da aiki sai juya wuya?"

"Talla ne, Inna."

"Na san talla ne. Me take cewa?"

"Ba wani abu. Wai sanyi ya wuce, a canja launin baki."

"Sai an yi waƙa kafin a canja?"

Ta ce a can haka suke yi, kowane lokaci na shekara da kayan da ake fitarwa, da waƙar da za ta raka su. Ta ce mawaƙa ne na gaske, waƙoƙin dogaye ne, sai a yanko tsakiya, inda ya fi daɗi, a sa a tallan. Mutane su yi ta ji har su je neman cikakkiyar. Wannan ita ce magana mafi tsawo da na ji daga bakinta a makon farko, kuma idonta bai bar talabijin ba tana yin ta.

Zargina na farko bilicin ne. Na ga matan nan farare tas, na ce to, an kai inda ake so. Na sha korar 'yan mata daga ɗakina a kan man nan, ba zan tsallako teku in tarar da shi a gidan 'yata in yi shiru ba. Ranar da ta shiga banɗaki na buɗe durowarta ɗaya bayan ɗaya. Na sami kwalabe uku masu rubutu kamar an watsa tsinke, duk a cikin ledarsu, ba a ɓare ko ɗaya ba. Da ta fito na dube ta da kyau a hasken taga. Fuska ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, gwiwar hannu kamar an barbaɗa toka. Mai wannan fata ko basilin ba ta shafawa, balle wani abu. Na mayar da kwalaben, hankalina ya kwanta. Ban tambayi kaina ba me ya sa mai wuni tana kallon kwalliya ba ta ko shafa mai.

Abin da na gani game da ita da yaron kuwa, daɗi ya yi mini, kuma a nan kuskurena yake.

Ba ta ɗaukarsa sai na miƙa mata. In na ɗora shi a nono, sai ta kau da fuska wajen talabijin har ya gama. Ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa, in baƙi sun ce kai, yaron nan ya iya kama da ke, ko murmushi ba ta yi. Ranar suna da matan 'yan makarantarsu suka cika falo, suna karɓarsa hannu zuwa hannu, ita tana gefe kanta a ƙasa. Na ce a raina, alhamdulillahi. Kunyar ɗan fari ke nan, yadda muka gada. Ni ma haka na yi da ita. Ban taɓa kiran sunanta ba, "ke" nake cewa, ko "yarinyar nan". Ban taɓa ɗaukarta a gaban surukaina ba, da aka yaye ta kuma kakarta ta tafi da ita, sai da ta isa shiga makaranta aka dawo mini da ita. Na zaci duk wannan ya mutu a zamanin da nake ganin yara suna sumbatar jariransu a gaban iyaye suna ɗaukar hoto. Sai ga tawa, wadda ta fi kowa nisan tafiya, ta riƙe.

Har waya na yi wa ƙanwata a gida, ina tsaye a tsakiyar falo, da ƙarfi yadda na saba. Na ce, "Ki gaya wa masu cewa boko yana cire kunya su zo su ga tawa. Har Japan ta je, amma ko kallon yaron nan ba ta yi a gabana."

Surukina fa, ni da shi wasan ɓuya muke a gidan da bai fi tafin hannu ba. Kafin ya fito daga ɗaki sai ya yi tari, ni kuma in shige kicin. Da safe ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in ja mayafi in juya wa bango fuska in amsa. Na lura sau da yawa in an gama gaisuwa ba ya tashi nan take. Sai ya ɗan jima a durƙushe.

"Inna, ba dai wata matsala ko?"

"Lafiya lau."

"Ita ma... kina ganin lafiya?"

"Jego ne. Allah ya yi albarka, a tafi kada a makara."

Sai ya ce madalla, ya tashi. Ni ina jin daɗin ladabinsa.

A cikin waƙoƙin nan akwai ɗaya da ta fi dawowa, ta tallan wani jan jambaki, mace a kan keke tana gangara tudu. Ita ce ta shige mini kai. Ina yanka albasa tana nan. Ina jijjiga yaro sai in ji ƙafata tana bin kiɗanta. Abin haushin, ba ta da ƙarshe. Waƙar daka tana da inda take sauka, waƙar biki ma haka, amma wannan sai ta kai ni bakin rami ta sake ni, in koma farko. Ni da ko waƙar da aka yi a bikina ban riƙe ba. Ranar da ta biyo ni cikin sallar la'asar har na rasa raka'a ta nawa nake, na yi sujadar rafkanuwa, na ce Shaiɗan ne. Da ta sake washegari, da wanshekaren washegari, sai na ce a'a, ba a gidan da nake ba. Na jira maijego ta shiga banɗaki, na danna jan maɓalli, wanda shi kaɗai na sani, na cusa rimot ɗin cikin buhun kanwa.

Ta fito ta duba ƙarƙashin matashin kujera.

"Inna, ba ki ga rimot ba?"

"Na gani."

"Yana ina?"

"Inda na ajiye shi. Ɗakin maijego ne nan, ba gidan kallo ba. Ga Alƙur'ani can, ga littattafanki, ga ɗanki."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ma daɗi ya yi mini. Ta koma mazauninta. Wayarta tun bayan suna cajinta ya ƙare ba ta sake sawa ba, saboda haka ba ta da wani abin kallo. Kwana biyu tana zaune a wurin, fuskarta wajen baƙin gilashin talabijin. Gidan ya yi tsit sai iyakwandishan. Na ce a raina fushi ne, zai wuce.

A rana ta uku maƙwabciyar nan ba ta da aiki, sai ta ce in shirya bayan la'asar mu je kasuwar Souq Waqif in sayi turaren wuta da kasko saboda arba'in. Surukina ya dawo da wuri ya zauna da su. Rabona da taka ƙasa fiye da mako uku, saboda haka duk da zafin da yake tasowa daga duwatsun daɓe, ban yarda mun zauna ko'ina ba. Ina gaba tana baya tana haki. Wani dattijo mai baro ya bi mu lungu biyu ko za mu ba shi kaya, ta ce masa khalas, wato ya isa haka, tsohuwar nan ta fi ka ƙarfi. Muna tsaye a shagon turare, mai shagon yana ƙona mana ɗanɗano, na fara ba ta labarin kunyar 'yata, yadda na bai wa ƙanwata. Ba ta ce madalla ba. Ta juya kaskon da ke hannunta ta sake juyawa.

"Mma, in faɗi magana ba za ki cinye ni ba?"

"Ya danganta da maganar."

"Kin tuna ni na yi mata kitson suna? Muna tsakiyar kitso yaron ya tsala kuka a ɗaki, ke kina kicin. Hannuna yana kanta. Mma, na yi wa masu jegon fari kitso a Kumasi ba adadi, har masu kunyar da ba sa ɗaga ido. Amma in yaro ya yi kuka, wuyan uwa yana amsawa. Ko ta ɗaure fuska, jijiyar ƙeyar nan sai ta ja, a yatsuna nake ji. Na 'yarki bai motsa ba. Kamar ina kitsa kan robar da muke koya wa sababbi aiki da shi."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke 'yar Zango me kika sani a kunya? Ku da kuke ƙwala wa 'ya'yanku na fari kira da suna a tsakiyar kasuwa."

"Haka ne, mu ba mu da kunya, shi ya sa muke da ƙiba. Na yi shiru. Amma ke da ba abin da yake wuce idonki, har kin san ranar da na sa gishiri sau biyu a miya daga ƙamshi, ki duba mana. Yalla, maza zaɓi turarenki."

Ban san wane turare na zaɓa ba. Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Abin da yake juya mini shi ne, ni da na yi kunyar na san yadda take. Kunya ta idon mutane ce. In ɗaki ya zama daga ni sai jaririyata, ai sai in saki labule in ɗauke ta in shinshina tsakiyar kanta, in ƙirga yatsun ƙafarta, in sa kumatunta a bakina. Ina jin takun surukata sai in ajiye ta in kama tsintar wake. Ban taɓa gaya wa kowa ba, kuma na tabbata kowace mai kunya haka take yi. Ni kuwa tun da na zo ban taɓa barin 'yata ita kaɗai da yaron ba. Ina zan san abin da take yi in ba ido?

Washegari da hantsi, bayan surukina ya fita, na yi wa yaron wanka na kwantar da shi a kan kujerar, dab da cinyarta. Na ce zan leƙa maƙwabta in karɓo allura, zan ɗan jima. Na je na buɗe ƙofar waje, na rufe ta da ƙarfi, na cire takalmi na shige kicin. Daga bayan ƙofar kicin ana hango rabin falo.

Yaron ya yi ta wutsil-wutsil shi kaɗai. Ba ta juya ba. Na ce bari dai, tana jira ta tabbatar na sauka. Ya fara ƙananan kuka. Ya ƙara. Ya kai ga irin kukan da fuska ke yin ja, murya ta ɗauke kafin ta dawo. Nonona da ya bushe shekara da shekaru sai da na ji ya tsarga. Ita kuwa ta ɗaga hannayenta biyu ta kalli tafin, kamar na wani ne aka ba ta ajiya, sai ta cusa su ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. Bakinta yana motsi. Na kasa kunne tsakanin kukan. Waƙar mai keke ce take yi, ƙasa-ƙasa, tana kallon baƙin gilashi. Ta kai inda ake datsewa ta tsaya, ta koma farko.

Ban san lokacin da na fito ba. Na ɗauke shi, na buɗe mata riga da hannuna, na sa shi a nono, na tallafe kansa tunda nata hannun yana inda yake. Da ya yi shiru sai na kira sunanta. Ya yi mini nauyi a baki, kamar kalmar wani yare. Ta juyo ta dube ni kamar wadda aka tasa daga barci.

"Tun yaushe?"

"Tun a asibiti."

"Ba kya son sa ne?"

"Ban sani ba, Inna. Ina dubawa a cikina ko zan ji wani abu, ba na samun komai. Kuma tsoron hannuna nake ji. In na ɗauke shi sai in ga kamar zai suɓuce, ko ni zan sake shi."

"Su kuma masu juya wuyan nan me suke ba ki?"

"Suna ƙarewa da wuri."

Na ce ban gane ba. Ta ce in ta buɗe littafi, kafin ta kai ƙarshen layi ta manta farkonsa. Ta ce ko Fatiha sai ta ɓace a tsakiya. Ta ce, "Wannan kuwa kafin hankalina ya gudu ta ƙare. In ta ƙare sai in ce to, na wuce wannan, saura ta gaba. Haka nake yi har a kira magariba." Ta ce ɗakinta na can Japan yana saman wani kantin magani da kayan shafa ne, waƙoƙin suna tasowa ta ƙasa duk wuni, kuma a lokacin kanta nata ne, tana karatu ta gane, tana kwanciya ta yi barci. Ba kwalliyar take kallo ba.

"To me ya hana ki faɗa? Ba ga ni ba a gidan?"

"Na ji kina yabona a waya."

Na jira yaron ya ƙoshi, na saɓa shi a kafaɗa, na shiga ɗaki na zura hannu cikin buhun kanwa. Rimot ɗin ya yi fari fat. Na goge shi da bakin zane na miƙa mata. Ta kunna. Wata mace ta fito tana shafa ruwa a kumatu. Na zauna kusa da ita, ni da ban taɓa ɗora jikina a kujerar nan ba, muka kalli wajen guda ashirin. Ƙafata tana ta ƙaiƙayi, amma ban tashi ba.

Da yamma na ji makullin surukina a ƙofa. Ya yi tarinsa. Ban shige kicin ba. Na tsaya a tsakiyar hanya, mayafina a kafaɗa, na dube shi a fuska. Shekara uku da auren, ranar na san yana da wushirya. Ya rikice, ya zube ƙasa da jakarsa.

Na ce, "Tashi. Ba gaisuwa na tsaya karɓa ba. Matarka ba ta da lafiya."

Ya tashi rabi, ya rasa inda zai sa idonsa. "Na sani, Inna."

"Ka sani?"

"Na yi mata maganar likita tun kafin suna, ta ƙi, ta ce kada ki ji. Na yi ta so in gaya miki. Sai na ga kamar kin gani, kina bi a hankali ne irin na manya."

"Manya ba su ga komai ba. Gobe da safe za ka kai ta, da ni za a je. In wurin aikinku sun hana ka, ka ba ni su a waya."

Duk da halin da ake ciki sai da ya kusa dariya. Ya ce ba sai an kai ga haka ba.

Likitar da muka gani ta daɗe da ita a ciki. Da suka fito aka fassara mini cewa ciwo ne sananne da yake kama wasu mata bayan haihuwa, ba lalaci ba ne, ba rashin imani ba ne, yana da magani, amma ba ya tafiya rana ɗaya. Aka ba ta ƙwayoyi, aka sa mata ranakun da za ta riƙa zuwa ana magana da ita. Ni ban san magana tana magani ba, amma na riga na ga inda sanina ya tsaya. Na dai ƙara da nawa. Kullum da safe in yi tofi a ruwa in ba ta, in zaunar da ita in shafe ta da mai tun daga wuya har tafin ƙafa kamar amarya, tana so ba ta so. Na tambayi likitar maganar talabijin, ta ce a bar mata, amma a riƙa fita da ita ko da zuwa ƙasan bene ne in rana ta yi sanyi.

Arba'in ta zo ta wuce ba taro, turaren ma mu kaɗai muka shaƙa. Aka ƙara mini kwanakin biza, aka ɗaga ranar tafiyata. Ba zan ce na ga sauƙi yana zuwa a jere ba. Yau ta ci abinci ta yi wanka da kanta har ta tambayi labarin gida, gobe ta koma kujera tun safe ba uffan. Na koyi ɗora mata yaron a ƙirji in riƙe ta bayansa, hannuna a kan nata, har ta daina janyewa. Wani lokaci ta yi minti biyar, wani lokaci ta ce Inna karɓe shi tun ban gama gyara zama ba. Ni kuma ina ta zirga-zirgata, sai dai yanzu duk inda na juya ido ɗaya yana kanta. Na tambayi kaina sau da yawa, a cikin matan da na sani a gida, waɗanda muka yi ta yaba wa kawaici, guda nawa ne suke zaune a kan hannayensu in an saki labule. Har yau ban daina lissafa fuskoki ba.

Saura mako biyu in tafi, wata Juma'a da safe, surukina yana gida yana shan shayi a falo, ita tana kujerarta ana ta tallan. Na kawo baho tsakar falon na yi wa yaron wanka. Na miƙe masa hannuwa, na haɗa su ta baya, na tanƙwara ƙafafu, na matsa kai, yadda ake yi. Daga nan na cilla shi sama na cafe, don ya saba kada ya tashi matsoraci. Na sake cillawa.

"Inna!"

Kafin in yi na uku tana kaina. Ta fizge shi daga hannuna jiƙe sharkaf, ta manna shi a ƙirji, ruwa yana bin rigarta.

"Haba Inna, ƙwallo ne? In ya suɓuce fa? A kan tayil!"

"Haka na yi miki. Kin mutu?"

"Ni dai kada a sake yi masa."

"Ji mini yarinya. A gaban mijinki kike yi mini faɗa a kan ɗan fari? Kawo shi in shafa masa mai, sanyi zai kama shi."

"Miƙo man. Zan shafa."

Surukina ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Na miƙa mata man da tawul. Ta zauna a ƙasa, ta baje shi a cinya, ta fara daga ƙafa, wanda ba haka ake yi ba, daga kai ake farawa. Na buɗe baki zan gyara mata, na rufe. Na ɗauki baho na tafi zubar da ruwa.